Yadda Ake Jagorantar Ɗaliban Ƙaramar Sakandare Su Yi Aikin Bincike da Kansu, Ko da Waya Biyu ce a Aji

Shekarar da na fara gwada wannan hanya a wata makaranta cikin garin Gombe, ni na zaɓi batun, ni na rubuta tambayoyin, ni na riƙe wayar. Yara suka yi ta bina a baya. Ƙarshen zango muka manna kwalaye masu kyau a bango, kowa ya yaba. Da na ja wani yaro gefe na tambaye shi abin da suka gano, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai kai ka sani." Wannan amsa ta daɗe tana cina a rai, ita ce kuma ta sa na rushe tsarin na sake shi daga tushe. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da na zauna a kai bayan maimaitawa da yawa.

Manufar a taƙaice ita ce yara su ɗauko tambaya ta gaske daga inda suke zaune, su yi makonni suna neman amsarta, su haɗa wani abu da hannunsu, sannan su tsaya gaban mutane su yi bayani. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da aka kai shagon tela ba a zaunar da shi a yi masa wata uku ana bayanin keke. Maɓalli ake ba shi da allura, ya ɓata, a warware, ya sake. Waya da kwamfuta a wannan aiki su ne allurar.

Kayan da za ka tanada

Na farko, kuma wanda ya fi kowanne, littafin rubutu ne guda ɗaya ga kowane rukuni. A ciki za su rubuta komai: tambayarsu, wanda ya yi me, awon da suka yi, ranar da suka yi shi. Waya tana lalacewa, caji yana ƙarewa, yaro yana goge abu bisa kuskure. Littafi yana nan.

Sai waya ta Android biyu ko uku. Ba sai sababbi ba. Abin da ake bukata shi ne kyamara mai aiki, makirufo mai ɗaukar murya, da wuri a memori. Taka, da ta wani malami mai son aikin, da wata tsohuwa da ke ajiye a durowa, sun isa. Kafin ka miƙa wa yaro, ka cire layi, ka kwashe hotunan iyalinka da saƙonninka, ka fita daga manhajar banki. Ka nemi fawa bank ko ƙaramar sola, domin ba a ɗora aikin mako a kan zuwan wuta.

Manhajojin da nake sakawa duk kyauta ne, kuma galibinsu suna aiki ba tare da data ba. WPS Office don rubutu da jadawalin lissafi. Xender don tura hoto da bidiyo daga waya zuwa waya. Gboard, ka saita shi a Hausa don yara su samu ƙ da ɗ da ɓ. KoboCollect idan za a yi tambayoyi ga mutane da yawa. Kiwix, wanda da shi ake sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba intanet. Ka sauke su duka tun kwana biyu kafin a fara, a inda sabis yake da ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ragowar kayan na kasuwa ne: tef na awo irin na magina, rula, igiya, turaku, kwali, maka, salatif. Idan makarantar tana da kwamfuta ko guda ɗaya ce mai tashi, alheri ne. Idan babu, aikin ba zai tsaya ba. Majigi kuwa ban taɓa jin rashinsa ba.

Lokaci ma kaya ne. Kana bukatar firiyod biyu a jere sau ɗaya a mako, na tsawon mako shida.

Mataki na 1: Nemi izini, zaɓi aji da zango

Ka fara da shugaban makaranta, kuma ka je masa da takarda guda ɗaya, ba da baki kawai ba: wane aji, wane mako zuwa wane mako, waɗanne darussan sikim, wato jadawalin darussan zango, aikin zai rufe, sau nawa za a fita harabar makaranta. Makarantu da yawa sun hana ɗalibai zuwa da waya, kuma da dalilinsu. Ka tabbatar masa wayoyin na malamai ne, a ofis za su kwana, ba yaron da zai tafi gida da su.

Sannan iyaye. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa da Hausa, su sa hannu. Ka ambaci fita waje da ɗaukar hoto ƙarara. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta nemi yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, amma ko babu doka, mutunci ya nemi haka. Uban da ya fara ganin hoton 'yarsa a wayar wani, ba tare da an gaya masa ba, ya gama da kai da aikinka.

Aji biyu na fi so. 'Yan aji ɗaya ba su gama sabawa da sakandare ba, 'yan aji uku kuma jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare tana gabansu. Idan aikin ya shafi ruwan sama, zango na uku ya dace, daga Mayu zuwa Yuli. Zango na farko yana kama wutsiyar damina ne kawai a Satumba da farkon Oktoba.

Mataki na 2: Bari tambayar ta fito daga bakinsu

Nan ne gaɓar aikin, nan ne kuma malami ya fi shan wuya, domin dole ya kame bakinsa.

Kada ka shiga aji ka ce, "Me kuke so ku bincika?" Shiru za ka samu. Yaran da suka yi shekara bakwai ana ba su amsa ba za su iya haifar da tambaya a zaune ba. Fitar da su. Ku zagaya harabar makaranta da layin da ke bayanta na minti ashirin, kowa da takarda. Doka ɗaya ce: ka rubuta abu uku da ka gani waɗanda suka dame ka ko suka ba ka mamaki. Ba a hira, ba a kwafa.

Idan kun dawo, kowa ya mayar da abin da ya gani tambaya. Ka rubuta su a allo yadda suka faɗa, kada ka gyara, kada ka ce wannan shirme ne. Za ka ji irin su: me ya sa leda ta cika kwata? Me ya sa kwanon masara ya fi tsada yanzu a kan lokacin kaka? Me ya sa bishiyoyin da aka dasa bara suka mutu? A wani aji na, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu daga baya ta ce, "Malam, me ya sa ruwa yake cin bayan ajinmu amma bai ci bayan ofis ba?" Na shekara ina wucewa ta wurin ban lura ba. Muka fita muka duba: bayan ajin ƙasa ta zare har gindin ginin ya fito fili, bayan ofis kuwa akwai dakalin siminti da ciyawa. Wannan tambaya ce ta ɗauke mu mako shida.

Duk wanda ya zauna a Gombe ya san zaizayar ƙasa ba labari ba ce. Garin yana kwance a gangare, ƙasarsa yashi ya fi yawa, kuma kwari ya raba unguwanni ya ci gidaje. Yaran sun san wannan fiye da littafinsu. Shi ya sa tambayar ta kama su.

Bayan an cika allo, sai a tace. Ka ba su sikeli uku, su auna kowace tambaya da kansu. Shin za a iya amsa ta da e ko a'a, ko da buɗe littafi sau ɗaya? Idan haka ne, ta yi ƙarama. Shin za mu iya aunawa, ƙirgawa ko tambayar mutane a kanta da ƙafarmu, cikin mako shida? Idan a'a, ta yi girma. Shin akwai wanda amsar za ta amfana? Abin da ya tsallake, a jefa ƙuri'a.

Kuskuren da za ka so yi shi ne ka tura su da dabara zuwa tambayar da ka riga ka shirya. Suna ganewa. Daga ranar aikin ya koma naka. Haƙƙinka ɗaya ne: ka hana abin da ke da haɗari ko zai tada husuma, kamar rikicin fili, siyasa, ko bambancin addini da ƙabila.

Idan rani ne, batutuwa ba su ƙare ba. Farashin masara, gero da wake a kasuwar Tudun Hatsi mako bayan mako aiki ne mai daɗin lissafi. Tarihin baka ma haka: jihar Gombe an cire ta daga Bauchi ne ranar 1 ga Oktoba, 1996, don haka kusan kowane gida akwai wanda ya tuna yadda garin yake kafin nan. Dattawa kuma suna da abin faɗa a kan Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, da Gombe Abba, tsohuwar hedikwatarta, da yadda hedikwatar masarauta ta dawo inda take yanzu a 1919.

Mataki na 3: Ɗaura tambayar da sikim

Wannan aikinka ne kai kaɗai, da daddare. Ɗauko sikim ɗin zangon ka ga inda tambayar ta taɓa. Tambayar ruwan bayan aji ta shiga kimiyya ta fuskar zaizaya da muhalli, ta shiga lissafi ta fuskar faɗin fili da zanen ginshiƙai, ta shiga Turanci wajen rubuta rahoto, ta shiga darasin kwamfuta. Rubuta su a littafin darasinka, don ranar da mai duba makarantu ya zo. Idan ka samu malamin lissafi ya ba ka firiyod ɗaya, ka yi sa'a.

Mataki na 4: Raba rukuni, raba aiki

Mutum shida a rukuni. Aji mai yara 72 zai ba ka rukuni 12. Ya wuce shida, biyu za su yi aiki, sauran su yi kallo. Kai za ka raba, kada ka bari abokai su tattaru, kuma kada ka tara masu ƙoƙari wuri ɗaya.

Kowane rukuni ya ɗauki reshe ɗaya na babbar tambayar. A aikinmu, wasu suka ɗauki auna ruwan sama, wasu faɗin rufin azuzuwa, wasu auna ramin da ruwa ya ci, wasu tambayar maƙwabta, wasu gwada irin ƙasa, wasu neman abin da za a shuka ko a gina don tare ruwan.

Ayyukan cikin rukuni su ne shugaba, marubuci, mai riƙe waya, mai awo, mai kula da lokaci da kaya, da mai magana. Kowane mako a juya. Ka tsaya a kan wannan da ƙarfi, musamman riƙe waya. Idan ka saki, cikin kwana biyu wayar za ta maƙale a hannun yaro namiji guda wanda yake taɓa ta yayansa a gida, 'yan mata kuma su koma masu rubutu har aikin ya ƙare. Ka rubuta jadawalin juyawar a kwali ka manna kusa da allo. Idan makarantar tana raba maza da mata, ka bi tsarinta, amma wayar ta zagaya daidai.

Mataki na 5: Rana ɗaya ta koyon na'ura

Kada ka yi lacca. Kira mutum ɗaya daga kowane rukuni, ka nuna musu abu uku cikin minti goma sha biyar, su koma su koya wa 'yan'uwansu: ɗaukar hoto da rana a bayanka ba a gabanka ba, tare da ajiye rula ko biro kusa da abin don a san girmansa, ɗaukar murya da wayar kusa da bakin mai magana, a juya wa iska baya, da sa wa kowane abu suna nan take, misali rukuni, kwanan wata, da abin da ke ciki. Wannan na ƙarshe kamar ƙaramin abu ne. Ranar da ka zauna da hoto ɗari uku marasa suna za ka san girmansa.

Dokokin waya su rubuta da kansu, kai ka tabbatar waɗannan suna ciki: ba a ɗaukar fuskar mutum sai ya yarda, ba a buɗe abin da ba na aiki ba, wanda ya karɓa ya sa hannu, ya dawo ya sa hannu. Da waya uku da rukuni 12, kowane rukuni yana samun kimanin minti ashirin a firiyod biyu. Ya isa, muddin sun rubuta a littafi abin da za su yi da ita kafin ta zo hannunsu. Rukunin da bai rubuta ba, a tsallake shi. Sau ɗaya za ka yi haka.

Mataki na 6: Fita tattara bayanai

Mako biyu ke nan, na uku da na huɗu. Kafin kowace fita, kowane rukuni ya nuna maka shafi ɗaya: me za mu auna, da me, a ina, wa zai yi.

Ga yadda muka auna ruwan sama, don ka ga irin kusancin da ake bukata. A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa daidai yake da na gindinsa, irin babban gwangwanin madarar gari. A ajiye shi a fili, nesa da rufi da bishiya, a ɗora a kan bulo, a tokare da duwatsu don iska da awaki. Kowace safiya a lokaci guda, kafin taron safe, a tsoma rula a tsaye, a karanta zurfin da milimita, a rubuta, a zubar. Kuskure biyu na nan: rular da sifilinta bai fara daga ƙarshen katako ba, sai a ƙara wannan tazarar a kan abin da aka karanta; da kuma barin ranar da ba a yi ruwa ba babu rubutu. Sifili ma sakamako ne, a rubuta shi. Asabar da Lahadi ka roƙi maigadi ko yaron da ke kusa.

Ga inda ido ke buɗewa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rukunin rufi su auna tsawo da faɗin ƙasar da rufin ya lulluɓe, daga ƙasa, ba wanda zai hau sama. A ce mita 9 ne da mita 8, wato murabba'in mita 72. Idan gwangwani ya nuna milimita 15, rufin ya zubar da lita 1,080 a dare ɗaya, kimanin jarka 43 mai lita 25. Kada ka gaya musu wannan. Ba su ƙa'idar, ka koma gefe. Na ga yaro ya gama lissafin, ya goge, ya sake, sannan ya fita ya tsaya yana kallon bakin kwanon rufin. Ya dawo ya ce, "Malam, duk a wuri ɗaya yake sauka." Amsar tambayar ke nan, kuma shi ya same ta.

Auna rami kuwa, ƙaramin da ke cikin harabar makaranta kawai, wanda bai wuce gwiwa ba. A kafa turaku biyu nesa da bakinsa, a ja igiya, a auna faɗi da zurfi a wuri guda kowane mako, a ɗauki hoto daga tsayuwa guda. Babban kwari na unguwa, ba yaron da zai je bakinsa, balle cikinsa. Gaɓarsa tana zubewa ba sanarwa, ruwa kuma yana iya tahowa daga sama alhali inda kuke ko ɗigo ba a yi ba. Idan suna son ganin yadda ya faɗaɗa, Google Earth yana da hotunan shekarun baya. Ka buɗe a gida inda kake da data, ka ɗauki hoton allon na shekaru daban-daban, ka kawo musu su kwatanta.

Masu tambayar mutane su rubuta tambaya biyar zuwa bakwai, su gwada a kan junansu da farko. Za su ji da kunnensu wadda ba ta fita. Ka koya musu bambancin "Ruwa yana damunku, ko?" da "Me ke faruwa a layin nan idan an yi ruwa?" Ta farko ta sa wa mutum amsa a baki. Ka fara gaida mai unguwa kafin yara su shiga layi. Su yi sallama, su faɗi makarantarsu da abin da ya kawo su, su nemi izini kafin su kunna waya. Cikin gida wurin iyaye mata, 'yan mata ne za su shiga tare da malama. Samari su tsaya wurin dattawa a ƙofar gida. Idan mutum ya fi sakewa da Fulatanci, Tangale, Tera ko Bolanci, kuma akwai mai ji a rukunin, a yi da shi, yaron ya fassara daga baya. Sau da yawa a nan ne yaron da ba ya kataɓus a jarrabawa yake zama wanda rukuni ba ya iya motsi sai da shi.

KoboCollect yana da amfani idan mutanen sun kai hamsin: ka tsara fom ɗin sau ɗaya da intanet, ka sauke a wayoyin, a cike ba data, a tura daga baya. Idan ashirin ne, takarda ta fi sauri.

Duk fita a yi ta cikin lokacin makaranta. Wasu yaran suna da Islamiyya da yamma, wasu talla, wasu shago. Aikin da ya dogara da bayan tashi, 'ya'yan masu hali kaɗai zai ɗauka.

Mataki na 7: Mayar da lambobi magana

Su fara zana jadawali da ginshiƙai da hannu, a takarda, da rula. Bayan haka ne za su shigar da lambobin a WPS Office su ga na'ura ta zana nata. Idan biyun suka saɓa, su nemo inda kuskuren yake. Wanda ya fara da na'ura zai samu zane mai launi da bai san ma'anarsa ba.

A ƙarƙashin kowane zane su rubuta jimla biyu: me wannan ya nuna, kuma me ya sa muke zaton haka. Idan wata lamba ta fita daban da sauran, kada su goge ta don zane ya yi kyau. Su koma littafi su ga abin da ya faru a ranar.

A nan ne kwafe yake shigowa. Wani zai kawo maka shafi biyu na Turanci mai santsi wanda yayansa ya ciro daga ChatGPT ko Meta AI. Kada ka kunyata shi gaban aji. Nuna masa jimla ɗaya ka ce ya faɗa maka da Hausa, sannan ka tambaye shi a wane shafi na littafin rukuninsu wannan maganar take. Dokata ita ce, duk abin da ke cikin rahoto ko dai mun auna, ko an faɗa mana, ko mun karanta kuma mun rubuta inda muka karanta.

Mataki na 8: Haɗa abin nunawa, a duba, a gyara

Su zaɓi abin da za su fitar: kwali mai hoto da zane, bidiyon minti uku, shirin murya irin na rediyo da za a iya turawa iyaye ta WhatsApp ɗin malami, ko samfurin ƙasa a faranti biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya babu, a zuba ruwa daidai a ga wanda ya fi zubar da laka. Inda akwai kwamfuta, wasu sukan yi ɗan zane mai motsi da manhajar Scratch. Ka sa iyaka a kan ado. Yara suna iya cinye mako guda a zaɓen kiɗa da launin rubutu.

Kwana huɗu kafin ranar nuni, kowane rukuni ya gabatar wa wani rukuni. Masu sauraro su faɗi abu ɗaya da ya fito sarai, abu ɗaya da ba su gane ba, da tambaya ɗaya. Sai a koma a gyara. Kada ka tsallake wannan don ƙurewar lokaci. Gara ka rage ado. Kuma idan ka ga kwalinsu ya karkace ko rubutun bai yi kyau ba, ka sa hannunka a aljihu. Nuna musu, su gyara.

Mataki na 9: Ranar nuni

Ka gayyato mutanen waje, ko biyar ne: shugaban makaranta, wakilan ƙungiyar iyaye da malamai, mai unguwa, waɗanda aka yi wa tambayoyi, da wani mai sana'ar da ta shafi batun, kamar magini ko malamin gona. Yaro yana shiri daban idan ya san baƙo zai tambaye shi. Rahoto a rubuce da Turanci, bayani da baki da Hausa, don iyaye su bi. Minti biyar ga kowane rukuni, kowa ya ce wani abu. Idan babu majigi, a jera teburori, baƙi su zagaya, wayar tana kan teburin masu bidiyo. Ka cika caji tun daren jiya.

Ka gaya wa yara tun farko cewa "ba mu auna wannan ba" amsa ce mai daraja. A namu nunin, wani dattijo magini ya tambayi yaran inda ruwan zai tafi idan aka yi dakali a bayan ajin. Suka kalli juna, shugabar rukunin ta ce ba su duba ba. Ya tashi ya kai su wurin, ya nuna musu da sandarsa yadda ƙasar ta gangara zuwa katangar maƙwabta. Shawarar da suka miƙa wa shugaban makaranta daga baya ta canza saboda wannan: maimakon dakali kaɗai, suka nemi a sa indararo da tanki a tara ruwan, a shuka ciyawa a inda ya zare.

Mataki na 10: Ba da maki

Ka nuna musu yadda za a raba makin tun makon farko. Ni nakan ɗauki maki 20 daga na C.A., wato makin gwaje-gwajen cikin zango, da yardar shugaban makaranta: 6 ga littafin rukuni, 5 ga ingancin awo da bayanai, 4 ga abin nunawa da gabatarwa, 5 kuma na kowane yaro shi kaɗai. Waɗannan biyar ɗin da baki nake samo su. Ina kiran yaro in tambaye shi abu biyu: me ka yi da hannunka, kuma me kuka gano. Minti ɗaya ya isa a san wanda ya yi aiki da wanda ya raɓe. Da yara 72, ka raba su kwana uku. Kada ka ba kyawun bidiyo maki mai yawa, in ba haka ba kana saka wa wanda gidansu ke da babbar waya ne.

Bayan maki, kowane yaro ya rubuta rabin shafi: abin da ya fi ba shi wuya, da abin da zai canza in za a sake. Ka karanta su, domin daga nan za ka gyara zango mai zuwa.

Sannan ka kwashe hotuna da muryoyi zuwa filash ko memori, ka goge na fuskokin mutane daga wayoyin aro kafin ka mayar wa masu su. Littattafan rukuni ka ɗaure su da igiya, ka rubuta shekara da aji a sama, ka ajiye a kabad ɗin ofis inda gara ba ta kaiwa. Turakun bakin rami kuma a bar su a kafe, a shafa musu fenti, don 'yan aji biyu na baɗi su auna daga wuri guda su kwatanta da lambobin bana.